A Cire Kullutun, Ko A Cire Maman Duka? Jawabin Kwamitin Jin Daɗi



Shugaba, iyayenmu mata da ke zaune a gaba, 'yan uwa mambobi, mazajenmu da 'ya'yanmu da suka zo taya mu murna, barkanmu da ganin wannan rana. An ba kwamitin jin daɗi 'yan mintuna ya faɗi abin da ya yi a bana. Lissafin gudummawar biki da suna yana cikin rahoton ma'aji, ba sai mun maimaita ba. Abu ɗaya muka zaɓa mu yi magana a kai, wanda ya hana mu barci a shekarar nan.

Bayan ƙaramar salla, wata 'yar uwarmu tana wanka ta ji kullutu a mamanta na hagu. Ba ciwo, ba zafi, girmansa kamar ƙwayar gurjiya. Ta ba mu izini mu ba da labarin, amma ban da kama suna. A cikin makon ta je asibiti. Aka yi hoto, aka ɗebi ɗan nama da allura aka kai gwaji. Sakamako ya fito: sankarar mama ce, amma matakin farko. Likita ya ce sai an yi aiki, kuma aikin iri biyu ne, ta je ta yi shawara. Da daddare ta kira ɗayarmu tana kuka: "Yaya, an ce in zaɓa, ni kuwa ban san me zan zaɓa ba." Wallahi mu ma ba mu sani ba. Sai muka riƙa raka ta, muna tambaya, muna rubutawa a bayan littafin adashi. Mu ba likitoci ba ne. Abin da muka jiyo muka kawo muku, don ranar da wata za ta buƙata.

Aiki na farko, a cire kullutun tare da ɗan lafiyayyen naman da ke kewaye da shi, a bar maman. Na biyu, a cire maman gaba ɗaya. Da jin haka duk muka ce ai cirewa duka ya fi, a huta. Haka likitocin duniya ma suka ɗauka shekara da shekaru, har tsokar ƙirji suke haɗawa su cire. Sai wasu likitoci biyu, Umberto Veronesi a birnin Milan na Italiya da Bernard Fisher a Amurka, suka gwada hanyoyin biyu a kan mata masu ƙaramin kullutu, suka bi rayuwarsu har shekara 20. A 2002 aka fitar da sakamakon: waɗanda aka bar wa mama aka yi musu gashi, da waɗanda aka cire wa duka, tsawon rayuwarsu bai bambanta ba. Ku riƙe wannan. A matakin farko, wadda ta bar mamanta ba ta yi caca da ranta ba, wadda ta cire ma ba ta yi wauta ba.

Amma fa kun ji mun ce "aka yi musu gashi". To, nan gizo ke saƙar. Gashin nan ba na ruwan zafi ba ne irin na jego. Inji ne ke haska wurin da wani haske mai ƙarfi, ya kashe ragowar ƙwayoyin cutar da ido ba ya gani. A binciken na Amurka, cikin mata 100 da aka cire wa kullutu kaɗai ba gashi, kusan 39 cutar ta dawo musu a wannan maman. Cikin 100 da aka yi wa gashi kuwa, kusan 14 ne. Kun ga ke nan cire kullutu ba tare da gashi ba rabin aiki ne.

Gashin kuma ba na yini ɗaya ba ne. Kullum ake zuwa, Litinin zuwa Juma'a, mako 3 zuwa 5, wani lokaci ma fiye. Injinan ba su da yawa a ƙasar nan. Cikin wuraren da aka daɗe da sani a Arewa akwai asibitin koyarwa na Shika a Zariya, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da Babban Asibitin Ƙasa a Abuja. Ga layi, kuma inji inji ne, yakan tsaya. Saboda haka kafin mace ta ce a bar mata mama, sai ta tambayi kanta: ina zan yi gashin? A gidan wa zan sauka? Wa zai riƙe min yara da sana'a wata guda? In amsar ita ce babu hali ko kaɗan, to cirewa duka ta fi mata aminci.

Akwai kuma inda zaɓin ba ya hannun mace. In kullutun ya yi wa maman girma, ko ya fito a wurare daban-daban, ko an taɓa yi wa ƙirjin gashi, likita zai ce a cire duka. Mai juna biyu ma ba a yi mata gashi sai ta haihu, don haka nata lissafin daban ne. Wani lokaci a fara da allurar kimo don kullutun ya motse, sannan a yi ƙaramin aikin. Kuma wadda aka cire wa kullutu ta sani, za a duba gefen naman da aka ciro. In an ga cutar ta kai baki, sai an koma an ƙara yankewa. Ita ma wadda aka cire wa duka, kada ta ce ta tsira daga gashi. In kullutun babba ne, ko cutar ta shiga kaluluwar hammata, ana iya cewa sai ta yi.

Maganar hammata, kowane aiki aka zaɓa sai an duba ta, don nan cutar ke fara bi. Inda ake da kayan aiki, kaluluwa ɗaya zuwa uku ake cirewa a gwada. Inda babu, ko in an ga cutar a ciki, sai a kwashe da yawa, kuma hakan kan jawo kumburin hannu daga baya. Mu da hannu ne jarinmu, masu ɗinki, masu tuyar ƙosai, masu matsar mai, wannan tambaya ce da ba za mu bari ba.

Sai abin da ya fi ba mu mamaki: girman aikin ba shi ke yanke ko za a yi kimo ba. Irin cutar ne ke yankewa, kuma gwajin naman ne ke nunawa. Wata za a ba ta kimo, wata ƙwayar tamoksifen za ta riƙa sha kullum, shekara 5 ko fiye. Don haka kada wadda ta yarda a cire mata mama don kawai ta guje wa kimo.

Yanzu bari mu taɓo abin da ake faɗa a zaure da tsakar gida: wai daji ba ya son ƙarfe, da wuƙa ta taɓa shi sai ya bazu. Iyayenmu, mun san inda maganar ta samo asali. Mace ce za ta ɓoye kullutu shekara guda, ana shafe-shafe ana jiƙe-jiƙe, sai ya fashe ya bi jiki a kai ta asibiti. In ta rasu a ce aiki ne ya kashe ta. Jinkiri ne ya kashe ta. Mun yi zaman makokin irin wannan a ƙungiyar nan, kun san su, Allah ya jiƙansu. A yi addu'a, a sha rubutu in ana so, amma ƙafa tana hanyar asibiti. Shawara ta kwana bakwai ko goma ba laifi ba ce. Ta wata shida ita ce matsala.

Mazajenmu, ga taku. 'Yar uwar nan ba wuƙa ta fi tsoro ba. Cewa ta yi: "In aka cire, da wane ido zai dube ni? Me kishiya za ta ce?" Mata da yawa wannan tsoron ne ke sa su gudu daga asibiti bayan an ba su ranar aiki. Maigidanta, Allah ya saka masa, a gaban likita ya ce mata: "Ke nake so a raye. Wanda hankalinki ya kwanta da shi, shi za a yi." Ku raka su, ku saurara, ku sa hannu in an nema, amma jikin nata ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mai shirin ƙarin haihuwa kuma ta sani, maman da aka gasa ba ya kawo ruwa sosai, amma ɗayan yana shayar da yaro.

To, me ta zaɓa? Da farko ta ce a cire duka. Da muka zauna da ita sai muka gano ba son hakan take ba, kuɗin mota da masauki ne take lissafi. Muka ba ta bashi daga asusu ba tare da wa'adi mai tsauri ba, mutum biyu suka karɓi kekenta suna ƙarasa ɗinkin mutane, wata ta ɗauki yaran. Aka cire kullutun, ta gama gashinta ba fashin rana ɗaya. A cikinmu kuma akwai wata baba da aka cire wa mama duka shekarun baya, ga ta nan da jikokinta, ita ce ma ta fi kowa ƙarfafa mata gwiwa. Dukkansu biyu daidai suka yi.

Abin da ya tsaya mana a rai shi ne, saura kaɗan kuɗin mota ya yi wa 'yar uwarmu zaɓi. Shi ya sa muke roƙon babban taro ya amince da ƙaramin asusun lafiya, kowace mamba ta riƙa ƙara wani abu a kan zubinta na wata, adadin da ku za ku yanke. Ba zai biya kuɗin aiki ba, mun sani. Amma zai biya gwajin farko, da mota, da masauki, da mai rakiya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Mun kuma rubuta tambayoyin nan a takarda, sakatariya za ta raba a bakin ƙofa: Mataki na nawa ne? Aikin biyu duk sun dace da ni? Ina zan yi gashi, yaushe, nawa ne? Me za a yi wa hammata? Yaushe sakamakon naman zai fito? A ajiye takardar a jaka. Wadda ta ji wani abu a jikinta, ko ta ga kan mama ya shige ciki, ko yana fitar da jini, kada ta jira taron wata. Ta ƙwanƙwasa wa ɗayarmu ƙofa ko da dare ne, da safe tare za mu tafi.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ƙara haɗa kanmu, ya maimaita mana.