Jawabi Kan Maiƙon Da Ke Daskarewa A Tayil Ɗin Madafa

 

Abin da ya sa muka nemi a ba mu 'yan mintoci yau shi ne, kwanan baya wata dattijuwa a layinmu ta zame a madafa ɗauke da tukunyar miya. Allah ya kiyaye ba ta ƙone ba, amma har yanzu da sanda take tafiya. Da muka je dubiya muka taka wurin, sai muka ji takalmi yana mannewa. Ga tayil sabo, ga shara ana yi kullum, amma maiƙo ya yi masa riga.

To, mu da ke zaune a kurmi mun san girkinmu ba ya rabuwa da manja da suya. Duk lokacin da mai ya yi zafi, yakan yi tsartuwa, wani kuma ya bi hayaƙi ya sauka ƙasa. Ƙura ta hau kansa, iska ta busar da shi, bayan 'yan watanni ya zama danƙo kamar tsohon fenti. Ruwan sanyi ba ya taɓa shi, domin mai da ruwa ba sa haɗuwa. Mai gogewa da tsumma ɗaya da bokiti ɗaya kuwa, raba maiƙon kawai take yi wa sauran ɗakin.

Mu 'yan tireda muna ganin abin da ake saye. Mace za ta zo ta ce a ba ta Hypo ko Jik, wai za ta wanke maiƙo. Muna sayarwa, ciniki ne, amma gaskiya bilic aikinsa kashe ƙwayoyin cuta da fitar da tabo, ba narkar da mai ba. Asid ɗin da masu sa tayil ke amfani da shi ma haka: siminti yake ci, sai ya rarake tsakanin tayil ya bar maiƙon a zaune. In daɓen tarazo ne ko mabul, ya ɓata shi ke nan.

Abin da ke cin maiƙo shi ne zafi da sinadari irin na toka. Iyayenmu da ke wanke tukunya da toka ba su yi kuskure ba, ai da ruwan toka da mai ake yin sabulun salo. A fara kankare mai kaurin da abin kankare fenti, a kwance, kada a karce tayil. Sannan a zuba ruwan zafi a bokiti, a sa Omo cikin tafin hannu da sodar wanki kamar rabin gwangwanin madara. A jiƙa ɗan wuri, ba duk ɗakin ba, a bar shi minti 10 zuwa 15. Nan ne yawancinmu muke gazawa, wallahi, gaggawa ta yi mana yawa. Sai ya jiƙu a sa buroshi mai tauri, a bi layin simintin nan da tsohon buroshin haƙori, don can ne maiƙon ke ɓuya. A kwashe ruwan dattin da tsumma, a ɗauraye sau biyu da ruwa mai tsabta, a tsane. In na shekaru ne, sai an maimaita.

Sodar nan mai ƙuna ta masu yin sabulu tana aiki, amma muna jin tsoronta a gidan haya mai yara. Wanda ya ga dole, ya sa safar hannu ta roba, ya kare idonsa, ya zuba sodar cikin ruwan sanyi kaɗan-kaɗan, ba ruwa a kan soda ba, kuma ban da kwanon alminiyam.

Muna roƙonku don Allah, kada a haɗa bilic da Harpic ko asid. Hayaƙin da ke tashi guba ne, yana shaƙe mutum. Kalanzir da fetur kuma a nisanta su da wurin da risho ko gas yake.

In mai ya zube sabo, a barbaɗa masa toka ko garin katako nan take, a share, sannan a bi da ruwan zafi da sabulu. Gidajen da ake tarayya a madafa ɗaya, a raba kwana tsakanin ɗakuna, ko sau ɗaya ne a mako.