Furen ƙamshi a tsakar gidajen cikin birni



Wanda ya san lungunan Yakasai, Mandawari ko Dala a Kano ya san yadda siminti ya cinye tsakar gidajenmu. Gidan da a da yake da lalle da lemun tsami, yau ɗakin haya ne ya zauna a gurbinsu.

Wasu matasa kan ga hoton furen Philadelphus a waya, fari fat, mai ƙamshin furen lemo, sai su ce a nemo musu. Ɗan ƙasar sanyi ne. Ire-irensa da suka shahara, irin su Virginal da gidan Lemoine ya fitar a Faransa a 1909, sai sun sha hunturu mai tsanani kafin su yi fure. Zafin Kano na watan Afrilu, da kan haura digiri 40, ƙona su zai yi. Asarar kuɗi kawai.

Wanda ya dace da mu shi ne Murraya, ɗan asalin kudancin Asiya, dangin lemo na gaske. Ganyensa kore shar, furensa fari, ƙamshinsa ya fi tashi da dare, musamman da damina. Akwai dogo na shinge, akwai gajere da tukunyar ƙasa ta ishe shi. A huda gindin tukunyar, a haɗa jar ƙasa da yashi da ruɓaɓɓen taki, a ajiye inda ranar hantsi take bugawa.

Kada tsadar ruwan 'yan ga-ruwa ta hana ku. Ruwan alwalar gida ya wadatar. Akuyar maƙwabta ce abin tsoro, don haka ku kewaye shi tun yana ƙarami.