Idon Yaro Mai Karkata Waje: Jawabi ga Iyaye Mata da Wakilan Lafiya na Sae Sabuwa



Mun saba duban damtsen yaro a wajen awo domin gano tamowa. Yau roƙonmu shi ne ku riƙa duban idanunsa kuma.

Akwai yaron da idonsa ɗaya kan zame ya karkata gefen kunne, musamman in ya gaji, ko yana zazzaɓi, ko yana hangen nesa. Wani ma sai ya runtse ido ɗaya in ya fita rana. Ga jariri ɗan ƙasa da wata 4 wannan ba abin tsoro ba ne, domin idanunsa ba su gama daidaita ba. In ya wuce haka, sai a kai shi a duba.

Mutane kan ce ai harara-garke ce, halitta ce, a bar shi. To, in ido ya daɗe a karkace, ƙwaƙwalwa takan daina aiki da shi, ganinsa ya raunana, kuma gyaran yakan yi wuya bayan shekara 7. Wani lokacin ma karkatar alama ce cewa idon ya riga ya cutu. Baƙon dauro da ƙarancin bitamin A kan bar farin tabo a ido, idon da ba ya gani kuwa yakan zame waje. Shi ya sa muke nanata rigakafi, da ɗigon bitamin A duk wata 6 ga yara daga wata 6 zuwa 59, da zogale, kabewa, mangwaro, ƙwai da hanta. Amma a sani, abinci kariya ne, ba ya miƙe idon da ya karkace.

Ku wakilai, ku haska tocila a fuskar yaro daga nisan kamu biyu. Hasken ya kamata ya faɗa wuri ɗaya a tsakiyar idanun biyu. In ya saɓa, ku tura uwar cibiyar lafiya ta CSI, daga can a miƙa su Gidan Runji ko babban asibitin Maradi. Kada a ɗiga nono ko ruwan ganye a idon.

In kuwa tsakiyar idon ta yi fari, ko karkatar ta zo farat ɗaya tare da zazzaɓi, amai ko taune-taune, kada a kwana, a tafi a ranar.