Tankaɗe da Rairaya Wajibi Ne ga Malamin Jami'a



Abin da muke so mu yi magana a kansa shi ne ƙwarewar neman bayani da tantance shi, musamman a tsakanin malamai da sauran ma'aikatan jami'o'i da kwalejoji. An saba ɗauka cewa ɗalibi ne kaɗai yake bukatar a koya masa wannan. Mu kuwa a ganinmu malami ya fi shi bukata, domin duk ruwan da ya gurɓace daga mafari, haka zai isa ga mai sha.

Wani Ba'amurke, Paul Zurkowski, shi ya fara raɗa wa wannan ƙwarewa suna a 1974. A 1989 Ƙungiyar Laburarorin Amurka ta fayyace ta, watau mutum ya san lokacin da yake bukatar bayani, ya iya gano inda yake, ya auna ingancinsa, sannan ya yi aiki da shi yadda ya kamata. A 2005 kuma, a wani taro da aka yi a Iskandariya ta Masar da hannun UNESCO, aka ayyana ta a matsayin haƙƙin ɗan Adam. Amma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Malaman hadisi ba su karɓar ruwaya sai sun bi isnadinta, sun san wane ya faɗa, daga wa ya ji, kuma yaya amanarsa take. Abin da ake nema ga malamin zamani ke nan.

A da, kukan malami shi ne ƙarancin littattafai. Yanzu kuwa yawansu ne ya zama jarrabawa. Alal misali, akwai mujallun bogi waɗanda ke karɓar kuɗin marubuci su buga masa maƙala ba tare da wani masani ya duba ta ba. A 2013 wani ɗan jarida, John Bohannon, ya ƙirƙiri maƙalar ƙarya cike da kurakurai, ya aika wa mujallu 304, sai 157 suka amince za su buga, aka kuma bayyana sakamakon a mujallar Science. To, malamin da ƙarin girmansa ya rataya a kan yawan wallafa, in bai san alamomin irin waɗannan mujallu ba, zai yi asarar kuɗinsa da sunansa, kuma ɗalibansa su kwashi abin da ke ciki su zuba a kundayen digirinsu.

Ko manyan mujallu ma ba a rufe ido a kansu. A 1998 Lancet ta buga maƙalar Andrew Wakefield wadda ta jefa wa iyaye shakku game da allurar rigakafin ƙyanda, ba ta janye ta ba sai 2010. Wanda bai iya binciken ko an janye maƙala ba, yana iya ci gaba da koyar da ita. Daɗin daɗawa, tun daga 2022 da ChatGPT ya fito, manhajoji irinsa sukan ƙago sunayen littattafan da ba a taɓa rubutawa ba. A 2023 wata kotu a New York ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun kafa hujja da shari'o'in da manhajar ta ƙirƙira.

Maganin kuwa yana kusa da mu. Akwai rumbun DOAJ da aka kafa a 2003, mai jera mujallun kyauta da aka tantance. Akwai AJOL tun 1998, mai tattara mujallun Afirka. Akwai HINARI da Hukumar Lafiya ta Duniya ta buɗe a 2002, da AGORA na fannin noma a 2003, domin cibiyoyin ƙasashe masu tasowa. Sai dai kayan aiki ba su amfanar wanda bai san da su ba.

Saboda haka muna ba da shawara uku. Ta farko, duk sabon malami a ba shi horo a laburare kafin a danƙa masa aji. Ta biyu, a haɗa kowane sashe da ma'aikacin laburare guda, ya riƙa halartar taron sashe, domin bukatar malamin tarihi daban take da ta malamin likitanci. Ta uku, kwamitocin ƙarin girma su riƙa auna ingancin mujalla kafin su ƙirga yawan maƙalu. Mun san akan ji nauyi babban malami ya zauna gaban ƙaramin ma'aikaci yana koyo, amma Hausawa sun ce gemu ba ya hana ilimi.

Ku kuma ɗalibai, in malami ya kawo muku zance, ku tambaye shi madogararsa cikin ladabi. Malamin kirki zai yi murna da tambayar, kuma gobe ku ne za ku tsaya inda yake tsaye.

Allah ya ƙara mana ilimi mai amfani.