Birni na cin burtali: jawabi ga makiyaya da masu fataucin bisashe



Maganar da ta tara mu yau ita ce ta ƙasa, wato inda bisa za ta taka, inda za ta ci, da inda za ta sha. Sau da yawa muna jin ana cewa garke ne ke kashe daji, shi ke jawo hamada. Ya kamata mu duba wannan zargi da idon basira, mu karɓi gaskiyar da ke cikinsa, mu mayar da abin da ba namu ba.

Bisa mai tafiya ba ta kashe ƙasa. Garken da ke hawa arewa da damina, ya gangaro kudu bayan an saki gonaki, yana barin ciyawa ta huta har ta zubar da iri. Kashin shanu taki ne, shi ya sa a da manomi kan ba makiyayi damin hatsi don ya kwana da garkensa a gona. Ƴaƴan gawo ma, in sun bi ta cikin bisa, sun fi saurin tsirowa. Ɓarna tana zuwa ne in an tsare bisashe wuri guda. Ku dubi kewayen manyan rijiyoyin burtsatse inda garke ke zama rani da damina: ƙasa ta zama fako, ba ko tsinke. Ke nan duk wanda ya toshe ma garke hanya, shi ne ya fara kashe dajin.

To, me ke toshe hanyar? Gonaki da birni. A ƙidayar 1988 mutanen Nijar sun ɗan haura miliyan 7, a ta 2012 sun wuce miliyan 17. Yamai, wadda a 1960 mutanenta ba su wuce dubu 30 da wani abu ba, ta kusa dubu 400 a 1988, ta haura miliyan guda a 2012. Maraɗi, Damagaram da Tawa duk sun buɗe. In birni zai faɗaɗa, ba gonar mai ƙarfi yake fara ci ba. Hurumin kiwo yake ci, da mashekari da bakin tabki, domin a idon mai awon fili wuri ne da ba shi da mai shi. Ko dajin dogon yaro da aka fara dasawa kewaye da Yamai a 1965 don tare iska da ƙura, yankan filaye ya cinye wani babban sashe nasa. In itacen da hukuma ta dasa da hannunta bai tsira ba, ina ga burtalin da ba ko turke?

Kuma birni ba fili kaɗai yake ci ba. Yana cin itacen girki da gawayi. Yana cin ciyawa: kowa ya ga amalanke da jakuna suna shiga gari da ciyawar daji, ana sayar ma masu turkar raguna. Karan gona da harawa, waɗanda a da garke ke ci bayan girbi, yanzu haja ce ta kasuwa. Abin da birni ke mayar mana kuwa shi ne leda. Mahauta sun san abin da suke tararwa cikin tumbin akuya da saniya. An yi doka a 2014 da ta hana baƙar leda maras kauri, amma wanda ya ratsa kasuwa ya san sauran aiki.

Duk da haka birnin nan da mu yake rayuwa. Naman da ake ci, ragunan layya da ake saye a Turaku, nonon da ake tarawa a Hamdallaye da Kollo a kai Yamai, duk daga garke suke. Fatake kun fi kowa sani: in burtali ya toshe, sai kuɗin mota, sai tarar ɓarna, sai bisa ta iso kasuwa a rame, farashinta ya faɗi.

Ƴan'uwa, doka ba ta bar mu hannu sake ba. Dokar 1961 ta shata iyakar noma ta arewa, ko da yake gonaki sun daɗe da ƙetare ta. Kundin dokokin karkara na 1993 ya kawo kwamitocin kula da filaye, waɗanda muke kira Kofo, daga ƙauye har zuwa komin, kuma makiyaya na da kujera a ciki. Dokar kiwo ta 2010 ta ce tafiya da garke haƙƙi ne na makiyayi, ta kuma ce burtali da hurumin kiwo dukiyar jama'a ce, ba a mallaka ma mutum guda. Amma takarda ba ta tsaron burtali in masu shi suna barci.

Don haka ga abin da nake kira gare mu. Na farko, kowane ardo ya san wanda ke wakiltar makiyaya a Kofon yankinsa, kuma a tura mutum mai zuwa taro, mai iya magana. Na biyu, mu nemi a auna burtali, mashekari da mashaya, a kafa turakun siminti, a rubuta su a rajista, tun mai awon filaye bai iso ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In an zuba harsashin gini, magana ta yi wuya. Na uku, in kun ga an fara yanka fili cikin hurumi, ku kai kuka a rubuce wurin magajin gari da Kofo, ku riƙe kwafi, ku sanar da ƙungiya. Kada a ɗauki sanda. Abin da ya faru a Toda, cikin jihar Maraɗi, a 1991, inda rayuka fiye da ɗari suka salwanta, ya ishe mu darasi har abada.

Na huɗu kuma namu ne. Mu daina sassabe gawo har ya mutu. A rage reshe, a bar uwa. Manoman Maraɗi da Damagaram sun raya miliyoyin itatuwa a gonakinsu tun bayan farin 1984, kuma bisashenmu na cin moriyarsu da rani. Mu jira ranar sakin gonaki. Mu kiyaye wutar daji. Mu share leda a kasuwanninmu. Mai neman haƙƙinsa, hannunsa ya zama mai tsabta.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Makiyayi, dillali, mahauci da mai sayar da nono, burtali guda ke ciyar da mu duka. Kowa ya koma gida ya tambayi ardonsa: burtalinmu yana cikin rajista ko a'a?

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kare garke, ya mai da kowa gida lafiya.