Gansakuka da Kariya: Abin da Na Gani a Lungunmu

Yau ba siyasa, tsirrai biyu zan kawo muku, duk daga lungunmu a Gyaɗi-Gyaɗi.

A watan Agusta, in ka tsuguna gindin katanga ko bakin rijiya, za ka ga wani kore-kore manne da ƙasa. Mu duk gansakuka muke ce masa. Amma ku duba da kyau, akwai iri mai faɗi, shimfiɗe, mai rassa kamar an tsaga ganye. Turawa sun raɗa masa suna daga hanta, don siffar wasunsa ta yi kama da ita. Ba shi da saiwa ta gaske, ba ya fure, ba ya 'ya'ya. Da wasu ƙwayoyi kamar ƙura yake yaɗuwa, kuma haihuwarsa ba ta yiwuwa sai da danshi. Masana sun ce danginsa na cikin tsirran farko da suka zauna a doron ƙasa, shekara wajen miliyan 470. To amma iskar hunturu na kaɗawa, sai ka neme shi ka rasa.

Ita kuwa kariya, kun san ta, mai ƙaton gindi kamar tulu. Wannan gindin rumbun ruwa ne. Tana tarawa da damina, ta yi ta sha da rani. Shi ya sa za ka gan ta ganye ya zube, amma ga fure ruwan hoda ya cika ta.

Me ya sa na damu? Bara mu matasan unguwa muka yi karo-karo muka dasa furanni a bakin layinmu. Wallahi kafin Maris duk sun ƙone, ba mai ba su ruwa, ga tsadar jarka a hannun 'yan garuwa. Kariya biyu ne kawai suka rayu. Kuɗinmu ya tafi don ba mu tambayi abin da ƙasar ke ɗauka ba.

Sai dai hattara, ruwan jikin kariya dafi ne, har mafarauta sun shafa shi a kibiya. Kar a dasa inda yara da awaki ke wasa.

Gansakukar ma kar a raina ta. In ta kama gindin katangar ƙasa, tana faɗa maka ruwa na kwana a wurin. Ka gyara magudana tun kafin gini ya zauna.

Ku leƙa lungunku, ku faɗa mana me kuka gani. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.