Takalmin Nutso Ga Masu Ceto

Idan damina ta kankama, kududdufai da madatsun ruwa a yankin Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa kan cika maƙil. Da zarar wani ya nutse, a dam ɗin Mairuwa ko a ramin da aka haƙi ƙasar gini, masunta da gwanayen ninƙaya ake kira. Su kuwa bayin Allah, haka suke faɗawa ruwa ƙafa ba komai.

Akwai takalmin roba mai faɗi kamar ƙafar agwagwa, wanda Bafaranshe Louis de Corlieu ya yi wa rajista a 1933. Yana ƙara wa mai nutso sauri, ya rage masa gajiya. Sai dai ba kowanne ya dace da ruwanmu ba.

Namu ruwan ja ne, ga taɓo, ga saiwoyi da ƙaya a ƙasa. Dogon takalmi irin na teku yana tayar da laka har mutum ya kasa ganin tafin hannunsa, ga wuyar juyawa a matsatsi. Gajere mai ɗan tauri ya fi. A nemi mai buɗaɗɗiyar dunduniya da maɗauri, a ɗora shi kan safar roba mai kauri, saboda fasassun kwalabe a bakin ruwa. In ya matse, jijiyar ƙafa za ta ɗaure a tsakiyar ruwa. In ya yi sako-sako, laka ta tuɓe shi. A gwada da jiƙaƙƙiyar ƙafa kafin a biya.

Ina roƙon ƙananan hukumomin nan uku su saya wa masu ceto, haɗe da igiya da rigar ceto, a kuma horar da su tun da rani.